Hoton Bakin Rijiya

Hasana na tankaɗen gari a tsakar gida sa'ad da ƙanwarta Husaina ta shigo ba sallama, ta miƙa mata salula. Wani hoto ne ke yawo a wayoyin mutanen Filinge tun safe: maza uku a bakin rijiya, da bindigogi a kafaɗa, moto biyu, wato babura, a jingine. Hoton ya dushe kamar ana kallonsa ta cikin ƙasari. Na tsakiya dogo ne mai shuɗiyar riga, wani kuma ya zagaye kansa da jan layi, ya rubuta a ƙasa: Kailu mai gyaran pompo.

Kailu mijin Hasana ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana bin ƙauyukan Kurfai yana gyaran pompon rijiya. Kafin azahar jandarma suka zo suka tafi da shi don tambayoyi. Ba su yi masa tsawa ba. Unguwar tasu cike take da waɗanda suka gudo daga wajen Abala, kowa da wanda 'yan bindiga suka kashe masa. Da la'asar wani ya jefo dutse kan kwanon ɗakinta, Hasana ta kwashe yara ta kai gidan Husaina.

Washegari ta tafi wurin Lawali mai gyaran waya a bakin tasha. Ya duba hoton, ya girgiza kai. Ya ce tun daga turin farko ake matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, sannan wani ya ɗauki hoton allon wayarsa, wani ya yi zane a kai ya sake turawa, har fuskar ta zama ta kowa. Sai an samo wayar da ta ɗauka, a turo shi a matsayin dokiman, wato kamar takarda, ko a haɗa waya da waya ta bulutus, shi ne zai zo yadda yake. Ya nuna mata yadda ake yi sau biyu, ya kuma nuna mata yadda ake yanke gefen hoto ba tare da ya lalace ba.

Kwana biyu ta yi tana bin sawu. Husaina wurin wani tela ta samu, tela wurin wani direba. Direban sai da ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, sannan ya ce gwaggonsa ce ta turo masa, Haske, ungozoma a wani ƙauye kan hanyar Abala.

Ranar kasuwar ƙauyen Hasana ta shiga mota. Duk sa'ad da ƙura ta tashi daga nesa sai direba ya rage gudu, kowa ya zuba ido har a ga shanu ne.

Haske tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido. Ta ce ita ba ta san wani hoto ba. Hasana ta zauna a ƙasa kusa da turmi, ta faɗa mata sunayen yaranta huɗu, ta ce ubansu kwana uku ke nan a tsare. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta ja ta cikin ɗaki. Ta ce ita ta ɗauki hoton ta ramin zana, ta tura wa direban, ɗan ɗan'uwanta, kawai don kada ya biyo hanyar ran nan.

"Ɗiyata, rumbuna ya fito a gefe. In suka gani, sun san gidan da aka tsaya. Ni kaɗai nike kwana a nan."

Hasana ta karɓi wayar, ta yanke rumbun da zanar, ta nuna mata abin da ya rage. Suka ajiye wayoyin biyu a kan tabarma. Layin turawar yana tafiya a hankali, can waje kuma aka ji ƙarar moto. Haske ta damƙe hannun Hasana, ba wadda ta motsa har ƙarar ta yi nisa.

Da hoton ya shigo, Hasana ta buɗa shi da yatsu biyu. Fuskar ta fito tar. Ba Kailu ba ne. Ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai ta ga tabon da ya raba girar hagu biyu. Sidi ne, ɗan Bintu maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su, wanda aka ce ya tafi haƙar zinariya arewa shekara biyu da suka wuce. Ranar da jaki ya harbe shi yana ƙarami, Hasana ce ta riƙe shi aka ɗinke wurin.

A hanyar dawowa ta yi ta juya abin a ranta. In ta kai hoton, ta tona ɗan Bintu, kuma Sidi ya san ƙofar gidanta. In ta ɓoye, Kailu na can. Da mota ta sauke su ba ta biya gida ba, ta wuce wurin jandarma, ta tura musu hoton waya da waya. Da suka tambayi inda ta samo shi, ta ce ta yi rantsuwa ba za ta faɗa ba.

Washegari aka sako Kailu. Wadda ta fara shigowa barka Bintu ce, da ƙwaryar fura a hannu. Ta yi ta godiya ga Allah, sannan ta ce a nuna mata fuskar azzalumin da ya so ya ja wa bawan Allah.

"Wayar ba caji, Yaya," in ji Hasana, idonta a ƙasa.

Bayan kwana biyu jandarma suka kira Bintu da mijinta. Da suka dawo, Hasana ta ji kukanta ta bayan katanga, ta kasa shiga. Kafin sati ya zagayo sun kwashe kaya sun koma Tabla wurin dangi, ba su yi sallama da kowa ba. Kailu bai ƙara fita ƙauye ba, ya koma gyaran famfunan cikin gari, ya kuma sa wa ƙofar gidan sakata ta ƙarfe.