Takardar da Aboy Kahsay Ya Ƙi Rubutawa

Wata biyar Tesfalem ya yi a gidan tsare baƙin haure da ke bayan garin Johannesburg. Shi ya ce ɗan Eritiriya ne, hukuma ta ce ɗan Habasha ne, ta ƙi ba shi mafaka. Lauyarsa ta ce abu ɗaya zai hana a jefa shi jirgi, wato takardar shaida daga Aboy Kahsay, shugaban 'yan Eritiriya na garin.

Kahsay ya zo ziyara da injera, gurasar ƙasarsu, a leda.

"Aboy, layi biyu kawai nake roƙo."

"Ɗana, ban san ƙauyen ubanka ba. In na sa wa kowane ɗan tasha hannu, wa zai ƙara yarda da hannuna? Ci abinci, ka rame kamar sandar makiyayi."

Tesfalem bai taɓa ledar ba. A al'adarsu, ba a faɗa wa mutum rasuwar uwarsa ta waya, maza ake tarawa su je da sassafe. Shekara goma sha ɗaya da ta wuce, da uwar Kahsay ta rasu, Tesfalem aka bugo wa, shi ya tara mazan da suka je gidan Kahsay. Daga Adwa aka bugo, cikin Habasha, wato shugaban 'yan Eritiriya ɗan Habasha ne. Tesfalem bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa.

Ranar Litinin ya nemi ganin jami'ar shige da fice Mokoena.

"Kawo takardar, Madam. Ni ɗan Habasha ne, ɗan Adwa."

"Kai da ka yi wata biyar kana mana rantsuwa? Kana sa hannu ƙararka ta mutu, ka sani?"

"Na sani. Ƙaro takarda, ina da maƙwabci."

Ƙarya ɗaya ya yi, ita ce ta kansa, don ya san maganar maƙwabci ta fi ta mai jin haushi nauyi. Sauran duk gaskiya ce. Ya ba da sunan uwar Kahsay, da cocin da aka binne ta, da sunan ƙaninsa mai sayar da zuma a kasuwar Adwa, har da lambar wayar.

Lauyar ta yi ta faɗa. "Saura mako biyu a saurare mu! Ka san inda za su kai ka? Ba ka san kowa a can ba!"

"Zan san mutum ɗaya, in an yi haƙuri. Aboy zai biyo ni."

Ranar Alhamis aka sa masa ankwa. A bakin mota ya tambayi Mokoena ko sun kira lambar.

"Ƙanin ya ɗauka," in ji ta. "Yana gaishe da yayansa."

Tesfalem ya sunkuyar da kai ya shiga motar.