Sunan Da Na Ciro Daga Ƙwarya

A majami'ar ƙauyenmu, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, ran Lahadin farko na sabuwar shekara akan zagaya da ƙwarya cike da 'yan takardu a nannaɗe. Kowa ya sa hannu ya ciro ɗaya, ayar da ya samu ita ce tasa har shekara ta ƙare. Ni Tabita, shugabar Zumuntar Mata, shekara ashirin ke nan ina cirowa, kuma kusan kullum sai na faɗa kan wadda ke jan kunne a kan kame baki.

Bana sai Fasto Istifanus ya zo da sabon salo. Ya ce duk shekara mukan miƙe mu yi alkawarin kai bishara har bayan Riruwai, alhali kujerun da ke gabanmu sai ƙara zama wayam suke yi. Don haka babu aya a ƙwaryar bana, sunayen waɗanda suka daina zuwa sujada ne. Wanda ka ciro, kai za ka je ka ji dalilinsa. Ya kuma ja kunnenmu cewa sauraro ya aike mu, ba wa'azi ba. Da ya faɗi haka, ni ya kalla. Na gan shi sarai.

Na ciro tawa na warware. Asibi.

Kai! Yaya Asibi ƙawata ce tun muna amare, benci ɗaya muke zama, ita ke buga tulu ni ina ba da waƙa. Tun bayan Ista ta ɗauke ƙafa, wata tara ke nan. Na tambaye ta sau biyu, ta ce lafiya lau, ni kuwa na yi zuciya na ce ta je can da lafiyarta. Amma abin bai bar raina ba. Na yi zaton ciwon gwiwa ne, sai na gan ta tana ɗauko itace daga daji. Na yi zaton ta yi faɗa da matar fasto, sai na gan su suna dariya a kasuwa. To mene ne? Ina kewarta, gaskiya, kuma ina tsoron in na yi kuskuren magana wannan karon, shi ke nan ba za ta sake dawowa ba.

Ran Talata da la'asar na same ta a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Muka gaisa, na tambayi sanyi, na tambayi jikoki, na tambayi har akuyarta mai ciki. Na ja kujera na sa hannu a gyaɗar. Na yi shiru. Allah ne shaida, tunda uwata ta haife ni ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba.

Can ta ce, “An aiko ki ne ko?”

Na ce, “Ƙwarya ce ta aiko ni, Yaya.”

Ta yi murmushi kaɗan. Ta ce, “Tabita, wa yake kawo ni sujada a da?”

“Uba mana, a babur.”

Uba ɗanta ne na fari, manomi, yana da mata da 'ya'ya uku. Shekara uku da suka wuce ya musulunta. Tun daga nan muka sa shi a addu'ar da mukan yi wa ɓatattu duk Lahadi, kuma ni ce mai jagorantar wannan addu'a, da muryar nan tawa da ba ta buƙatar taimako.

Ta ce, “In ya sauke ni, ina yake zuwa?”

Ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

“Ba ya zuwa ko'ina. Gindin mangwaron bakin hanya yake zama, awa uku, sai an tashi ya mai da ni gida. Da Ista kuka ɗaura lasifika a kan rufi. Ran nan na ji ki kina cewa, Ubangiji ka dawo da ɓataccen ɗan Asibi, kika kama sunansa gatsau, har sau uku. Masu wucewa kasuwa suka ji. Shi ma yana zaune yana ji.” Ta zubar da ɓawon da ke cinyarta. “Ni da na haife shi, shekara arba'in ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. Ku kuma kuka ɗora shi a lasifika.”

Wayyo ni! Ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, “Yaya, ai da kyakkyawar zuciya muka yi.”

“Na sani. Ni ma ina yi masa addu'a, a ɗakina. Amma har yau duk Lahadi sai ya zo da babur ƙarfe takwas, ni ce nake cewa ba ni zuwa. Ba zan sa shi ya kai ni inda za a yi shelarsa ba.”

Muna cikin haka sai ga ƙarar babur. Uba ya yi sallama ya shigo da buhun masara a kafaɗa, ya ajiye, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Kunya ta kama ni, amma na daure na ce masa ni ce mai muryar nan, ya yafe mini.

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ya ce, “Haba Inna, wa zai ƙi addu'a? Ban riƙe ki ba. Abin da dai nakan yi mamaki, duk waɗanda suka goya ni suna cikin majami'ar nan. Fiye da shekara biyu ina zama a gindin mangwaron, kuna wucewa ta gabana. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce mini sannu.”

Bai faɗa da fushi ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Na tashi na tafi gida, ko sallamar kirki ban yi ba. Washegari na je na gaya wa fasto komai, na ce daga yau ba a sake kama sunan ɗan kowa a lasifika, in ba haka ba a nemi wata shugabar. Ya ce ai bai yi gardama ba, in rage murya. Daga nan na aika aka gaya wa Yaya Asibi yadda muka yi.

Ran Lahadi tun bakwai da rabi na tsaya a gindin mangwaro da jug ɗin kunun tsamiya da kofi. Mata na wucewa suna kallona, wata ta ce an fara waƙa ba mai bayarwa, na ce su yi ta gunaguni. Takwas ta yi, ta wuce. Na fara cewa a raina shi ke nan, na rasa ta.

Sai ga babur ɗin ya ɓullo daga kwana, Yaya Asibi a baya da zanen zumunta. Uba ya tsaya ya taimaka mata ta sauka. Na zuba kunu na miƙa masa, na ce, “Sannu da zuwa, ɗana.”

Ya karɓa da hannu biyu. Na juya na ce wa uwarsa mu shiga, an yi nisa da sujada.

Ta ce, “Su jira. Bari yaron nan ya gama sha tukuna.”