Sallar da Nomau Ya Yanke

Alhaji Nomau bai taɓa yanke salla ba. Kunama ta harbe shi yana ruku'u tun yana saurayi a Nijar, ya daure ya ƙarasa. Duk unguwar Bab Makka ta Jidda an san labarin, don shi da bakinsa yake ba da shi.

Da ƙarfinsa ya ƙare a aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, sai shi da amininsa Kassimu suka sayi kwalekwale mai inji. Ba don sana'a ba, don shan iska ran Alhamis. Mai tuƙa su Abdulghani ne, mijin 'yarsa Zakiya, haifaffen Jidda.

Wata Alhamis la'asar ta riske su a ruwa. Abdulghani ya kashe inji, suka yi sahu, Nomau ya shiga gaba. A Jidda alƙibla tana wajen tudu. Wanda ya fuskanci Makka ya ba teku baya. Su uku suka ba ta baya, ruwa yana jan su a hankali zuwa hanyar manyan jirage, babu mai kallo.

A sujadar raka'a ta uku Nomau ya ji katako yana rawa a goshinsa. Ya san wannan rawar. Inji ne mai nauyi, kuma ba nesa ba. Ya tuna kunama. Ya tuna Zakiya da cikin da take ɗauke da shi, ga mijinta a bayansa. Ya ɗago kai ba kabbara, ya waiga.

Jirgin ja ne, irin mai jan wasu jirage, gajere mai faɗin ƙirji, ya nufo su yana busa.

"Ku tashi. Abdulghani, inji."

Injin ya ƙi, ya ƙi, sannan ya kama. Abdulghani ya karkata zai tsallaka ta bayan jirgin, don nan ne hanyar gida.

"Yalla, Baba, da ya wuce mu bi bayansa, halas, shi ke nan."

Nomau ya dafe hannunsa a kan mariƙin injin. "Dubi can."

Can nesa a bayan jirgin wani abu baƙi yana tafe shiru. Sandal ne, shimfiɗaɗɗen jirgin kaya marar inji, cike da ƙarafa.

"Ai da rata tsakaninsu," in ji Kassimu.

"Ratar ba taka ba ce. Igiyar ƙarfe ce a ciki, tana ƙarƙashin ruwa. Wancan kuma ba shi da birki, ba shi da ido."

Ya ture mariƙin da kansa, suka ba gida baya, suka yi gefe da duk ƙarfin injin. Jirgin ja ya wuce. A daidai inda Abdulghani ya so bi, igiyar ta taso daga ruwa, kauri kamar cinyar mutum, tana zubar da ruwa, ta sake nutsewa. Sandal ya biyo baya kamar katanga mai tafiya. Taguwar ruwan da ya tura ta ɗaga su ta ajiye, bokitin kifi ya kife. Babu wanda ya faɗa ruwa.

Abdulghani ya sumbaci kan surukinsa.

Kassimu ya share fuska. "To, mai kunama, yau dai an yanke."

"An yanke. Ka je Bab Makka ka faɗa, tunda ka samu bakin faɗa."

"Wallahi sai na ƙara gishiri."

Nomau bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya sa aka kai kwalekwalen nesa da hanyar jirage, aka jefa anga don kada ruwa ya sake jan su. Ya gyara hula, ya fuskanci tudu.

"Kassimu, bi ni. Abdulghani, zauna ka dubi teku. In mun sallame, kai ka yi taka, ni in duba."

Ya ta da kabbara, muryarsa ta fi ta ɗazu ƙarfi.