Lodin Ƙarshe na Baba Direba

Tirelar ta kai tsakiyar hawan dutse ke nan, ruwan sama na zuba a gilashinta, sai hoton ya fara kakkarwa. Ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Can kwamfutar ta yi ɗif, allon ya yi baƙi.

"Ka gani da idonka ko, Injiniya?" in ji Baba Direba. Bai saki sitiyarin ba. "Kullum a nan wurin. Sau tara ke nan."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Ni gyaran waya da kwamfuta nake yi a bakin titi, shi ya sa yake kirana Injiniya. Shi kuwa shekara talatin da huɗu ya yi yana jan babbar mota, kafin ciwon suga ya cinye masa ƙafar hagu. Bayan an yanke ta, wata shida bai yi wa kowa doguwar magana ba. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, ita ta aiko masa da kwamfutar wasa daga garin da take aiki, da sitiyari mai ɗaurewa a tebur, da totur da birki na ƙasa. A wasan ana ba mutum lodi ya kai wani gari. Ranar da na haɗa masa, ya taka totur da ƙafar dama, ya yi dariya ya ce, "Ashe kuloci kaɗai likita ya cire mini."

Yanzu ga shi ya rame, ƙafar da ta rage ta kumbura, numfashinsa na fita da ƙara. Likita ya ce ranar Litinin za a kwantar da shi, ƙodarsa ta fara gazawa. Ranar Alhamis ce muke wannan magana.

"Katin hoto ne, Baba," na ce. "Shi ke zana duk abin da kake gani. In aka zo wurin ruwa da duwatsu aiki na yi masa yawa, sai ya yi zafi."

"To sanyaya shi."

Na kwance murfin akwatin. Ƙura ta yi wa fankokin katin kauri kamar bargo. Na fita da shi tsakar gida na hure, na goge tsohon man da ke tsakanin katin da ƙarfen sanyaya shi, wanda ya bushe ya zama kamar alli, na shafa sabo. Mama, matarsa, tana tsaye da kofin magani a hannu tana kallona.

"Ɗana, wannan abin ya hana shi kwanciya," ta ce a hankali. "Ka ce masa ya lalace kawai."

"Ina jinki," in ji Baba daga ɗaki. "Ƙafa aka yanke, kunne na nan."

Muka kunna. Ya ɗauki lodin daga farko, tafiyar minti arba'in. Hoton ya fi da kyau, har na fara tattara kayana. Muna isa hawan, ɗif.

Washegari na dawo da wata dabarar. Na ce masa akwai manhajar da ke tafiyar da katin, sunanta direba, wataƙila ta tsufa ce.

"Wa ya tsufa?"

"Direban katin, Baba."

"Ka iya bakinka a gidan nan."

Mama ta yi dariya har ta zauna a bakin gado. Na goge tsohuwar manhajar, na sa sabuwa, na rage nauyin hoton, inuwa da hasken ruwa duk na sauke su ƙasa. Wannan karon tirelar ta wuce inda take mutuwa da kamar tsawon mota uku, sannan ta mutu.

Baba ya jingina, ya daɗe yana maida numfashi. Sannan ya ce, "Zauna in gaya maka. In inji ya yi zafi, yana ba ka labari tun daga nesa. Allura ta hau, ƙarfi ya ragu, ka ji wari. Amma motar da ke tafiya lafiya a shimfiɗe, sai ta zo hawa ta ɗauke gaba ɗaya, wannan mai ne bai isa ba. Famfo za ka duba. Mene ne famfon wannan abin?"

"Akwatin wuta. Shi ke raba wa kowa wuta. Amma sabo ne, tare aka sayo su."

"Na taɓa ganin sabon famfo ya mutu kafin a fita tasha."

Gaskiya ban ji daɗi ba. Shekara goma ina wannan sana'a, ga mutumin da bai san inda ake kashe kwamfuta ba yana koya mini aiki. Na ce masa in dai kati ne, zan tabbatar. Na cire shi na tafi da shi shago, na sa a babbar kwamfutata, na ɗora masa aiki mai nauyi awa biyu cur. Ko gezau bai yi ba.

Da safiyar Asabar na shiga da mitar auna wuta a hannu. Na tarar Mama tana shafa masa ruwa a fuska da tsumma, ya yi amai sau biyu. Na ce mu bari sai ya dawo daga asibiti, Mama ma ta ce a bari.

"Injiniya," ya ce, "matso." Na matsa. "Lodina na ƙarshe, na gaske nake nufi, ban kai shi ba. Ƙafar nan ta ruɓe a cikin takalmi, ina ɓoyewa. A gindin wani dutse zazzaɓi ya kayar da ni, aka sauke ni kamar buhu, wani ya hau kujerata ya ƙarasa. Shekara talatin da huɗu ban taɓa barin kayan mutane a hanya ba sai ranar. Na san wannan wasa ne, ban haukace ba. Amma ba zan bar na biyu ba."

Mama ta ajiye tsumman. Ba ta ƙara cewa a bari ba.

Muka ɗaga shi zuwa kujera. Na soka bakin mitar a wayar da ke kai wa katin wuta, na tsuguna a ƙarƙashin tebur, shi kuma ya ja mota. A shimfiɗe lamba tana kan sha biyu daram. Da aka fara hawa ta sauko sha ɗaya da rabi, sha ɗaya, goma da ɗoriya. Ɗif.

"Me ka gani?"

"Famfo ne, Baba."

"Ƙara faɗa, kunnen nan ya fara nauyi."

Na ƙara faɗa. Da na buɗe akwatin wutar, na ga kawunan wasu 'yan gwangwanaye biyu a ciki sun kumbura. Ban da haka, katin yana da bakin wuta biyu, amma wanda ya haɗa kwamfutar waya ɗaya ya raba musu. Na zaga shagunan abokan sana'a har huɗu, ban sami akwatin wuta mai ƙarfin da nake so ba, sai ranar Talata za a kawo. Na koma shagona na kwance na cikin babbar kwamfutata, wadda nake aiki da ita. Matata ta ce, "Kai kuma da me za ka yi aiki?" Na ce sati ɗaya ba zai kashe ni ba.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗaura shi, na ja wa katin waya biyu, kowane baki da tasa. Mama ta tara masa filo uku a baya. Ya kama sitiyari, ya tayar da motar. Bai yi gudu ba. Yana ba da sigina a kowace kwana, yana duba madubi. Da ruwa ya sauko aka fara hawa, na tsura wa mitar ido. Sha biyu. Fankoki suka ɗauki ƙara. Sha biyu.

"Sannu, sannu, 'yar gari," yake ce wa motar. "Kin kusa."

Muka haye. A bayan dutsen akwai gangara mai tsawo da wani tafki, waɗanda bai taɓa gani ba. Ya sauka da ƙaramar giya, ya shiga garin, ya yi ribas sau ɗaya ya daidaita tirelar a bakin sito. Ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Kira mini Auta," ya ce wa Mama. Da ta ɗauka ya ce, "'Yata, kaya sun sauka lafiya." Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga ya rufe ido yana gyaɗa kai.

Ranar Litinin ni na kai shi asibiti a motar wani maƙwabci. Duk tsawon hanya yana yi wa mai motar faɗa a kan yadda yake taka birki. Ranar Alhamis da rana ya cika, Auta ta iso, tana riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa.

Bayan mutane sun ragu, Mama ta aiko in zo in taimaka mata da kayansa, za ta rabar. Na tarar ta fito da takalmansa daga ƙarƙashin gado ta jera a bakin ƙofa, ƙafa biyar. Na dama duk sun cinye a dunduniya. Na hagu kuwa sababbi fil, ɗaya ma da takardar kanti cushe a ciki.

"Wa zan ba wa waɗannan?" ta ce.

Ta ɗauki na hagu guda, ta goge masa ƙura da gefen zaninta, ta mayar da shi kusa da ɗan'uwansa.