Surukina Ya Dawo da Fukafukai

Ba mu gama kwashe kujerun zaman makokin surukina ba, sai ga ƙaton ƙwaron nan faɗa-wuta ya sauko daga kurmin bayan garinmu Taiping, ruwan ƙasa mai farin zane a fukafukai, ya lafe a bango saman kujerar marigayin. A wajenmu an san abin da hakan ke nufi: mamaci ne ya dawo duba gida.

Mijina Wai Keong, wanda a jinyar uban ko ruwa bai taɓa miƙa masa ba, shi ya fara durƙusawa. Ƙanwarsa Siew Lan ta kunna turare tana sharɓe hawaye.

Surukata kuwa jakarta na bakin ƙofa. Tun tana amarya take roƙon tsohon ya bar ta ta je Penang wajen yayarta, yana cewa wa zai dafa masa shayi. Yanzu yayar tana kwance, an ce a zo a yi sallama.

"Mama, ina za ki, Baba yana gida?" in ji Wai Keong. "Ki bari ya tafi tukuna."

Ta dubi bangon, ta mayar da jakar ɗaki. Ni dai tausayinta ya kama ni, amma matar ɗa ba ta da baki a irin wannan.

Haka ta koma bauta. Safe shayi, rana faten shinkafa, a ajiye gaban bango, 'ya'yan na sa ido kada shayin ya huce. Ƙwaron ko motsi bai yi ba, Siew Lan ta ce ai halin Baba ke nan in yana fushi.

Wata rana muna cin abinci, wata ƙatuwar tsaka ta fito daga bayan agogo, ta cafke Baba, ta haɗiye, fukafukai kaɗai suka faɗo.

Wai Keong ya yi gyaran murya. "To, yanzu yana cikinta. Kada wanda ya kore ta. Mama, gobe sai a riƙa kai shayin ƙarƙashin agogo."

Tsohuwa ta ajiye sandunan cin abincinta, ta miƙe.

"Ɗan nan, mutum na aura. Da ya zama ƙwaro na yi haƙuri, don albarkacinku. Amma ni ba a ɗaura min aure da tsaka ba." Ta juyo gare ni. "Mei Fong, kira min mota."