Yatsan Inna Kyauta

A shekarun da kuɗin fetur suka mai da kowa mai aike, Gide ne ke jan a-kori-kurar wani kamfanin kai kaya da ke da sito a Faskari. Keken ɗinki, rediyo mai kaset, kwanon rufi, duk abin da 'yan birni suka aiko wa danginsu na ƙauye, a bayan motarsa yake zuwa. Tuƙi bai taɓa damunsa ba. Abin da ya sa masa furfura tun bai kai arba'in ba shi ne takarda, domin kayan da ba a sa wa hannu ba, a wurin kamfani ba a kai su ba.

Mutanen nan kuwa, ka ba su kaya su karɓe hannu bibbiyu, ka miƙa takarda su mai da hannun baya. Wani a Daudawa ya ce tun da wansa ya dangwala yatsa a kotu gonarsu ta tafi, ya rantse tawada ba ta ƙara taɓa zuriyarsu. Wani Alhaji ya iya rubutu sarai, amma sai da ya shanya Gide a rana daga hantsi har azahar, don gari ya ga mota a ƙofarsa. Sau biyu a wata guda Gide ya komo da takarda fara. Malam Abdulkarim, akawun sito, ya gaya masa a gaban kowa cewa ranar da aka yi ta uku ya ajiye makulli a kan tebur, direbobi kamar jamfa a Jos suke. Gide kuwa, in aka raba shi da motar nan, sai dai ya koma noma a gonar surukinsa, mutumin da ko gaisuwarsa da ƙyar yake amsawa.

Wata Talata aka ɗora masa akwatin ƙarfe guda ɗaya, zuwa wani gidan Maguzawa a bayan Pauwa. Akawu ya yi masa bayani yana sakace. Kayan wani lebura ne mai suna Ɗanhausa, da ke aiki da masu yin hanya a wajen Sabuwa. Tifa ta yi baya ta take shi kwana goma da suka wuce, abokan aikinsa sun binne shi a can. Ba wanda ya je ya faɗa wa gida, amma akwai wasiƙa da Turanci a cikin akwatin. Uwarsa ce za ta sa hannu.

Gide ya san gidan mutuwa. Da zarar ya buɗe baki za a rushe da kuka, mata su kewaye tsohuwar, maza su kewaye shi, kuma duk wanda ya fito da tawada a wannan wuri ya ci na jaki. Saboda haka ya yanke shawara tun a hanya: ta fara dangwalawa, sannan ya faɗa mata. A lokacin har ransa haka ya yi niyya.

Ya iske uwar, Kyauta, a ƙofar gida tana shanyar barkono, tare da wasu mata maƙwabta. 'Yar tsohuwa ce busasshiya, mijinta ya daɗe da mutuwa. Gide ya gaishe ta, ya sauke akwati, ya ce kaya ne daga Ɗanhausa. Sai ta kau da kai, ta ce ita ba ta san mai wannan suna ba. Matan suka tuntsure da dariya, suka gaya wa Gide ɗan fari ne, shekara ashirin da biyar ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko a hanya suka haɗu sai ta canza hanya.

Nan Gide ya ga ƙofa a buɗe, kuma abin kunya ne a faɗa, amma daɗi ya ji. Da wata uwar ce, da ta tsare shi da tambaya goma, yana ina, me ya hana shi zuwa, me ya sa akwatinsa ya riga shi. Wannan kuwa ko ɗaya ba za ta iya yi ba a gaban mutane. Maƙwabtan ne suka tambaya, ya ce musu aiki ya yi yawa, suka ce ai kuwa haka aikin Nasara yake.

Da ya buɗe ɗan gwangwanin tawada, sai Kyauta ta ja baya, ta ce a jira ƙanen mijinta ya dawo daga gona. Gide ya dubi rana. Ya san namiji zai ce a buɗe akwati tukuna.

"Inna," in ji shi, ya rage murya, "in na koma ba yatsanki, masu hanya za su ce ya yi musu ƙarya, ba shi da uwa a nan. Korarsa za su yi daga aiki."

Bai rufe baki ba ta miƙo hannu. Ya kama babban yatsan, mai kaushi kamar bayan rogo, ya danna a tawada, ya danna a takarda. Yanzu ne ya kamata ya faɗa. Sai ta ce ya dakata, ta shige gida da sauri, ta fito da ƙullin daddawa da dafaffen ƙwan zabi. Ta biyo shi har jikin mota, inda matan ba za su ji ba.

"Direba, wancan ɗin," ta ce, idonta a ƙasa, "shina cin abinci kuwa?"

"Yana ci, Inna. Har ƙiba ya yi."

Ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Gide ya tayar da mota, sannan ya miƙa mata makullin akwatin ta taga. Ta ce ba za ta buɗe ba sai mutane sun watse, kada a ce tana ɗoki.

Zuciyarsa ta dame shi har Ƙanƙara. Da ya ci tuwo a tasha sai ta yi sauƙi. Ya ce wa kansa shi direba ne, ba a ɗauke shi aikin kai saƙon mutuwa ba, kuma ko ya faɗa ko bai faɗa ba, wanda ya tafi ya tafi. Ƙwan ma bai bari ya lalace ba.

Da la'asar ya ajiye takarda a gaban akawu yana hura hanci. Takardar falle uku ce. Malam Abdulkarim ya duba ta sama, ya ga yatsa raɗau. Ya ɗaga baƙar takardar kwafi da ke tsakani, ya duba ta biyu, ya duba ta uku. Fari fat. Biro yana ratsa takardar kwafi ya fito a duka ukun, amma yatsa ba ya ratsawa, sai an dangwala kowace daban. Gide ya san haka, ya yi shi sau ɗari. Saurin barin ƙofar gidan ne ya mantar da shi.

Akawu ya ce masu hanya na son tasu, sito na son tasa, gobe da safe ya koma. Ya ƙara da cewa zai gwada yatsun uku da juna, kada Gide ya yi tunanin tsayawa a gindin bishiya ya sa nasa.

Washegari tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidan, da mutane zazzaune. Malamin firamare na Pauwa ya karanta musu wasiƙar. Ba wanda ya taɓa Gide, ba kuma wanda ya amsa sallamarsa. Aka dai buɗa masa hanya har inda Kyauta take zaune, rigar aikin ɗanta a kan cinyarta. Ya durƙusa, takarda a hannu ɗaya, gwangwani a ɗaya.

"Kai ne ka ce mani Ɗanhausa ya yi ƙiba," in ji ta. Matan da ke gefenta suka sunkuyar da kai, don ba su taɓa jin sunan a bakinta ba.

Gide ya ce saura wuri biyu ne kawai za ta dangwala, don Allah.

"Jiya ka ce in ban sa ba, korar shi za a yi. Yau wa za a kora?"

"Ni ne, Inna."

Kyauta ta dubi yatsanta, wanda har yanzu tawadar jiya ba ta fita ba.

"To," ta ce, ta mai da hannun cikin zane.