Sabarar da Aka Shanya Bisa Kwano

Juwairiyya ta dawo Nahuce daga Gusau fuska a murtuke. Aikinta na kammala jami'a shi ne auna ƙarfin ganyen daji wajen tare lalacewa a jiki, kuma sau biyu awon yana ƙin fitowa. Ruwan awon da ya rage na gwaji ɗaya ne. In ya sake ƙi, sai ta maimaita shekara.

Kakarta Inno ta zaunar da ita, ta ce ta yi bayani da Hausa. Juwairiyya ta ce wani ruwa ne mai launin shunayya. Ana jiƙa garin ganye, a tace, a ɗiga a ciki. In ganyen na da ƙarfi sai ruwan ya koma rawaya, na'ura ta faɗi adadi. Lalacewar kuwa irin wadda ke sa man shanu ya yi wari ce in ya daɗe.

Wannan Inno ta gane. Ta tambaye ta wane ganye ne. Sabara ce daga Kucheri, in ji yarinyar, ta shanya ta bisa kwanon gidan da take zaune a Damba, can Gusau, don ta bushe da wuri.

"Bisa kwano, a rana?" in ji Inno. "Kilishi kike yi? Shekara huɗu kina boko, ba wanda ya gaya miki rana na shanye ƙarfin ganye?"

Da sanyin safiya suka fita bayan gona suka tsinko sabara. Inno ta baza ta kan tabarma cikin ɗaki, tana juyawa safe da yamma, tana korar awaki. A kwana na huɗu Juwairiyya ta ɗauki jaka za ta tafi. Inno ta lanƙwasa ganye ɗaya, bai karye ba, ta ce a ajiye jakar. Sai a kwana na tara ya murmushe a hannu, kore shar. Suka daka a turmin da bai taɓa ganin barkono ba.

A Gusau Juwairiyya ta jiƙa garin, ta tace, ta ɗiga a ruwan awon. Shunayya ta dushe, ta koma rawaya. Malaminta ya duba na'ura sau biyu, ya ce ta rubuta yadda aka shanya ganyen filla-filla.

Ta kira Inno a waya tana dariya, ta ce ta tsallake.

"To, madalla," in ji Inno. "Ƙwaryar da kika tafi da garin a ciki tawa ce. Ki dawo min da ita."